Sunan da Ka Kai Geneva Ba na Ɗanmu Ba Ne

Zuwa ga Kwamared,
Shugaban ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam mai ofis a saman bene,
PZ, Sabon Gari, Zariya.

"Hajiya, share hawayenki. Kafin a ga watan azumi sunan ɗanki zai hau teburin manyan duniya a Geneva, kuma ni da ƙafata zan riƙa kawo miki labari har ɗakin nan."

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina fata ka gane maganar da na ɗora a sama, domin taka ce. A ɗakin yayata ka faɗe ta, a Muchia, kana zaune a kan kujerar da aka aro maka daga maƙwabta. Ba na wurin, amma matan da ka faɗa wa sun haddace ta kamar karatu, sun yi ta biya mini har ni ma ta zauna mini. An ga watan azumin, an yi salla, an sake ganin wani watan. Ƙafarka ba ta ƙara taka ƙofar ɗakin ba. Wannan da sauƙi, mun saba da manya da ciwon ƙafa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne rabin farko na alkawarin. Wani suna ya je Geneva, wannan gaskiya ne. Sai dai ba na ɗanmu ba ne.

Kafin in shiga magana, ina gaishe ka da iyali da ma'aikata. Ina kuma yi maka barka da dawowa daga taron bita, ko wanne ne na baya-bayan nan, don na daina bin sawu. Duk zuwan da na yi ofishinka, sakatariyarka takan ce kana Abuja, ko kana hanyar Abuja, ko ka dawo daga Abuja kana hutawa. Tunda hawa bene ya gagara haɗa mu, bari in gwada jarida. Na lura kana son jarida.

Sunana Rakiya. A Samaru nake zaune. Malamar makaranta ce ni, kuma ni ke kula da ɗakin karatu na sakandaren da nake koyarwa. Hajiya Binta yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗanta na fari, Iliyasu Shu'aibu, shi ne mutumin da ka karɓi maganarsa ka yi wasa da ita. Na rubuta sunan tun da wuri, da harufansa cikakku, ko Allah zai sa yau ka kalle shi da kyau.

Saboda masu karatu da ba su san mu ba, ga abin da ya faru. Iliyasu magidanci ne, da mata da 'ya ɗaya. Yana da shago a Samaru, kusa da inda 'yan keke ke tsayawa, yana buga wa ɗalibai takardu, yana fotokwafi, yana ɗaure musu furojet da baƙin bango da rubutu mai ruwan gwal. Wata rana da hantsi, titi cike da jama'a, wata farar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagon. Mutane suka fito da bindigogi, wasu da kaki, wasu da kayan gida. Suka tambaye shi wa ya kawo wasu takardun zanga-zanga da aka ce a injinsa aka buga. Maƙwabtansa sun ji ya ce ɗalibai ne, kuma shi ba ya tambayar mai takarda sunansa. Suka sa shi a mota, suka ɗauki kwamfutarsa. Mai shayin da ke gefe ne ya ja ƙofar shagon ya rufe. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Duk ofishin tsaron da muka sani mun je, a Zariya da Kaduna, ko'ina amsa ɗaya: ba ya wurinmu, ku duba gaba.

Muna cikin wannan hali wani ya ba mu lambarka, ya ce kai ne ka san hanyar kai ƙorafi ƙasa da ƙasa. Aka kira ka, ka zo. Ga abin da ka yi.

Na farko, yadda ka ɗauki sunan.

Ka zo ranar aiki ba sanarwa, ina makaranta ina tsaron jarrabawa. Ka tarar da mata biyu a ɗaki: uwar Iliyasu da matarsa Zainab. Ka fito da wayarka ka ce a faɗa maka sunan wanda aka ɗauke.

Kwamared, na yi tambaya a kanka. An ce mini ba daga wata ƙasa aka kawo ka ba, a nan Zariya aka yanke maka cibi, kuma mahaifiyarka tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya. To ka je ka tambaye ta: wace uwa ce mai irin tarbiyyarsu za ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari a gaban baƙo? Balle Iliyasu sunan kakansa ya ci, mahaifin mijin Yaya. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa jin sa a bakinta ba. Yaron nan take cewa. Ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu, yana nan a yaron nan. Zainab kuma fa? Ta zauna a gaban surukarta ta faɗi sunan mijinta gatsau? Baban Ummi take ce masa, ko a bayan idonsa.

Da ka matsa, Yaya ta sunkuyar da kai ta ce a gida Baba Ƙarami ake ce masa. Ta ɗauka ka gane, za ka fita zaure ka tambayi wani namiji, ko ka ce a miƙo maka katinsa. Kai kuwa sai ka danna a waya: Baba, sunan yanka, Karami, sunan mahaifi. Ka yi alkawari, ka ɗauki hoto, ka sha ruwa, ka tafi.

Takardar difulomarsa tana rataye a bangon ɗakin, cikin gilashi, daidai saman hularka, da sunansa da manyan baƙaƙe. Na san haka domin a hoton da ka ɗauka ma ta fito. Abin da ake nema daga gare ka kawai shi ne ka waiga. Amma wanda ke gyara zaman hula don hoto ina ya ga lokacin waiwaye?

Na biyu, ƙyallen otal da ƙaryar da ka yi mini.

Bayan wasu watanni ka aiko a kawo Yaya wani otal, wai baƙi daga Abuja suna so su ga iyalan waɗanda aka zalunta. Ni na raka ta. A bakin zauren taron na ga wani ƙaton ƙyalle ya sauko daga rufi har ƙasa. Ga fuskar yayata tana kuka, ga ka a gefenta dafe da ƙirji, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa wannan ita ce mahaifiyar Mista Baba Karami. Ba wanda ya nemi izininta. Matar da ko a ɗaurin aure ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ga ta ta fi ƙofa tsawo, masu shiga suna tsayawa a gabanta suna ɗaukar kansu da waya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mini, "Rakiya, wannan ni ce?"

Na tare ka lokacin shan shayi, kofi a hannu ɗaya, farantin nama a ɗayan. Na tambaye ka wane ne Mista Karami. Ka yi dariya ka ce, "Haba Anti, ai dabara ce. Mun ɓoye sunansa ne don kariya, haka ake yi a ƙasa da ƙasa." Ka ce a ba mu shinkafa da kaza a kwali, ka juya wajen baƙinka.

Kariya! Ka ɓoye sunan mutumin da ke hannunsu, wanda suka san sunansa da shagonsa da kwamfutarsa, sannan ka baje fuskar uwarsa da ba ta hannunsu a bakin otal. Wa kake karewa, daga wa? Ina kallon idonka lokacin da na yi tambayar. Sai a wannan lokacin ka san akwai kuskure. Na yi shekaru ina kallon idon yaran da ba su yi aikin gida ba, na san yadda ido ke yi idan baki yana ƙirƙiro amsa.

Ranar na koma Samaru na fara karatu. Ni ba lauya ba ce, amma neman abu a cikin takarda shi ne sana'ata. Ƙa'idojin nan da kake magana a kansu kamar wani gida ne da kai kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa, suna nan a intanet a buɗe, kyauta. Na karanta su a wayata, na buga su, na ja layi a ƙarƙashinsu. Masanan Geneva da ke karɓar ƙorafin mutanen da aka ɓatar, abu na farko da suke nema shi ne cikakken sunan mutum, sannan ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da waɗanda ake zargi, da ƙoƙarin da iyali suka yi. Dalilin ba ya buƙatar digiri. Aikinsu shi ne su rubuta wa gwamnati su ce: ina wane? To idan wanen ba ya duniya fa? Wanda za a iya ɓoye sunansa daga gwamnati shi ne mai kai ƙorafin, wato irinka. Ka juya ƙa'idar, ka saka ta bai-bai, ka ce mini dabara ce.

Na kuma karanta cewa idan ɓatan sabo ne, a watannin farko, suna da hanyar gaggawa da suke bi su taɓa gwamnati nan da nan. A cikin waɗannan watannin ka zo Muchia. Wannan damar ta Iliyasu ce, sau ɗaya take zuwa, kuma ka kashe ta a kan Mista Karami.

Sannan na karanta abin da ya fi ba ni haushi: uwa da kanta tana iya aika ƙorafin. Ba sai da lauya ba, ba sai da ofis a saman bene ba, ba sai da Kwamared ba. Ƙungiya tana shiga ne da yardar iyali, da sharaɗin za ta ci gaba da kai musu labari tana karɓo nasu. Ka tuna da ƙafarka?

Na uku, ka hana mu zuwa kotu.

Ranar da ka zo Muchia, Zainab ta tambaye ka ko a nemi lauya a shigar da ƙara a nan gida. Ka ce mata kada su ɓata lokaci, kotunan nan ba abin da za su yi, mu manya muke nufa kai tsaye. Ta yarda, don wanda ya zo da mota da kati a wuya ai ya fi ta sani. Ni ma ban ce kotunanmu suna gudu ba. Amma ƙofofin ƙasa da ƙasa ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya rataya allo a PZ ya kamata ya san bambancinsu. Akwai ƙofar da ba ta tambayar ko ka je kotun gida, kamar ta masanan can na Geneva, da kotun yankinmu da ke zama a Abuja, wadda ita kuma ba ta karɓar ƙarar da ba a san mai ita ba. Akwai kuma ƙofar da tambayarta ta farko ita ce: me kotun ƙasarku ta ce? Idan ka ce ba ka je ba, sai a nuna maka hanyar komawa, sai fa in ka nuna cewa ka je an yi ta ja maka rai. Da mun shigar da ƙara tun lokacin, yau ko dai muna da hukunci, ko muna da shaidar jan rai. Yanzu ba mu da ko ɗaya. Ƙofa ɗaya ka kai mana sunan bogi, ɗayar ka rufe mana da shawara. Ba kowa ke iya ɓarna biyu a zama ɗaya ba, wannan kam na yaba maka.

Na huɗu, amsar gwamnati, wadda a rediyo na ji ta.

Ina girki na ji muryarka a wani shirin safe. Kana ta jero nasarori, har ka ce kun tilasta wa gwamnati ta ba da amsa ta hanyar Geneva a kan wani matashi da aka ɗauke a Samaru. Mai gabatarwa ya ce ma sha Allah. Na kashe wuta na bar tukunya, na hau keke zuwa PZ. Ranar Allah ya taimake ni, na same ka a kan matakala kana saukowa, babu hanyar zuwa Abuja sai ta gabana.

Ka buɗe wayarka ka nuna mini saƙon daga nesa, kamar mai nuna wa yaro alewa. Na samu na karanta layi biyu kafin ka janye. Gwamnati ta ce ta bincika wuraren tsare mutane, babu wani mai suna Baba Karami a hannun jami'anta, kuma babu shaidar akwai mai wannan suna. Na ce ka tura mini. Ka ce sirrin ofis ne. Na ce ka ba ni lambar fayil ɗin. Ka ce sai kwamitin amintattu ya zauna. Na ce yaushe saƙon ya zo. Ka duba agogo ka ce kana da ganawa.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? A karon nan gwamnati ba ta yi ƙarya ba. Mutanen da suka yi ta raina mana hankali daga wannan ofis zuwa wancan, kai ka ba su damar faɗin gaskiya tsagwaronta a gaban duniya. Babu Baba Karami a hannunsu. Na tabbata wanda ya rubuta amsar nan ya sha dariya kafin ya sa hannu. Wannan ita ce nasarar da ka kai gidan rediyo.

Kuma a ƙa'idar masanan, idan gwamnati ta amsa, sukan tura wa wanda ya kai ƙorafin su jira ta bakinsa. Akwai irin amsar da idan wa'adi ya cika ba a ce komai a kanta ba, sai a ɗauka magana ta ƙare. Ban sani ba ko wannan irinta ce, tunda layi biyu ka bari na gani. Ban san ranar da ta zo ba, ban san ko ka mayar da martani ba. Duk wasiƙar da za ta fito daga can, akwatin imel ɗinka take faɗawa, don kai ka rubuta kanka a matsayin bakin iyali. Bakinmu yana aljihunka, kai kuma kana Abuja.

Na biyar, kuma wannan shi ne ya sa ba zan ƙara jira ba.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya yi sallama a gidan Yaya. Ba zan faɗi sunansa ba, ko garinsu, ko inda aka tsare shi. Ka ga yadda ake ɓoye suna don kariya. An sako shi bayan doguwar tsarewa, ƙafafunsa a kumbure, yana magana yana waige. Ya ce ya zauna ɗaki ɗaya da wani mai ɗaurin littafi daga Samaru, wanda ya roƙe shi in ya fita ya nemi gidansu a Muchia ya ce yana raye. Ya ce kullum da safe akan kira sunaye, kowa ya amsa. Na tambaye shi da wane suna mutumin yake amsawa. Ya ce Iliyasu Shu'aibu.

Ka ji? Suna da shi a rubuce. Kullum suna kiran sa da bakinsu. Su da suka ɗauke shi sun fi ka kula da sunansa.

Mutumin ya kuma ce akan kwashi mutane daga wurin lokaci-lokaci, ba wanda ya san inda ake kai su, kuma waɗanda ba a tambaya a kansu su ake fara kwasa. Ni ban ɗauki Geneva aljanna ba. Na san masanan nan ba su da soja, ba su da mabuɗin kowane ɗaki, wasiƙa kawai suke rubutawa. Amma wasiƙar da ta zo daga waje da sunan mutum daidai tana sa wani mai kujera ya san cewa an san wannan yana hannunsa, kuma wata rana za a tambaye shi. Wannan ɗan nauyin shi ne duk abin da muke nema a ɗora a kan sunan Iliyasu, kafin a zo kwasa ta gaba. Shi ne ka hana shi, kuma kake ci gaba da hana shi duk safiyar da ka tashi ka zaɓi kare mutuncinka maimakon gyara kuskurenka.

Don na san abin da ke riƙe da kai. Kuskure kowa na yi, da ka zo ka ce Anti na yi kuskure, da a ranar mun gyara. Amma Mista Karami ya riga ya shiga rahotonka na shekara, ya hau ƙyalle, ya shiga rediyo, baƙin Abuja sun tafa masa. Idan ka gyara sunan, sai ka bayyana wa masu ba ka tallafi yadda aka yi ka kai ƙarar mutumin da babu shi. Saboda haka ka gwammace Mista Karami ya rayu a takarda, Iliyasu kuma Allah ya ji da shi.

Ga abin da nake nema, ba roƙo nake ba.

Ka kawo wa Hajiya Binta, har ɗakinta, kwafin duk abin da ka aika da duk abin da aka aiko maka, da ranakunsu, da lambar fayil. Ka rubuta wa masanan da hannunka cewa sunan da ka bayar laƙabin gida ne, cewa sunan mutumin Iliyasu Shu'aibu, kuma kuskuren naka ne, ba na uwarsa ba. Kada in ji ka ce iyali ne suka ba ka sunan da ba daidai ba. Na san wannan ita ce ƙaryar da ke layi. Ka shaida musu cewa daga yau iyali za su yi magana da bakinsu, a daina bi ta kanka. Ka sauke fuskar yayata daga ƙyallenka da shafinka da rahotonka. Ka koma gidan rediyon da ka yi alfahari, a shirin da ka yi shi, ka faɗi sunan gaskiya.

Wa'adinka Juma'a ta biyu bayan fitowar wannan wasiƙa, kafin a tafi masallaci.

Kada ka ɗauka zaman jiranka nake. Na riga na haɗa sabon ƙorafi da sunansa cikakke, da hotonsa, da kwafin katinsa, da bayanin maƙwabtan shago, da yardar uwarsa da matarsa. Mun samu lauya mace a Kaduna, za ta shigar da ƙara a babbar kotu a nemi a fito da shi, tana kuma duba maganar kotun yanki ta Abuja. Abin da nake so daga gare ka shi ne a haɗa sabon da tsohon, don kada a can su ɗauka mutum biyu ne, ko su ce ai an riga an amsa. In ka kawo, ƙorafina zai tafi da takardarka ta gyara a haɗe. In ba ka kawo ba, zai tafi ranar Asabar duk da haka, da ƙarin shafi ɗaya da ke bayanin wane ne Mista Karami, wa ya haife shi, da yadda aka yi ta yawo da shi otal-otal. Kwafin shafin zai je wa duk wanda tambarinsa ke jikin ƙyallen nan. Na ɗauki hotonsu ranar, ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙar nan kuma zan sake buga ta, da sunanka da na ƙungiyarka a sama. Yau na sakaya su ne don in bar maka ƙofar gyara. Ni idan na tashi rubuta sunan mutum, ba na kuskure.

Saura abu ɗaya, kuma ba ni na shirya shi ba.

Na karanta wa Yaya abin da na haɗa. Da na gama ta ce in kunna wayata in ɗauki muryarta, a aika da ita can, kada wani ya sake cewa daga bakinta aka samu kuskure. Na ce ba dole ba ne, takarda ta isa. Ta ce in kunna. Zainab ta tashi za ta fita don kunya, Yaya ta ce ta zauna. Ta gyara mayafinta, ta kalli wayar, ta ce, "Ni ce na haife shi. Sunansa Iliyasu." Muryarta ta karye a tsakiyar sunan, kamar mai ɗaga kayan da ya fi ƙarfinta. Ta sake faɗa, a karo na biyu ya fita sarai. Tun daga ranar suna har ranar nan ba ta taɓa furta shi ba, ko a addu'a yaron nan take ce wa Ubangiji. Abin da ta riƙe tsawon rayuwar ɗanta, sakacinka na rabin sa'a ya ƙwace mata.

Ta ce in gaya maka, in Juma'ar ta wuce ba ka zo ba, ita za ta zo. Ba za ta hau benen ba, gwiwoyinta ba za su iya ba. Za ta shimfiɗa tabarma a gindin matakalarka ranar Litinin, lokacin da PZ ta cika, duk wanda ya tsaya ya tambaye ta lafiya, za ta faɗa masa sunan ɗanta da sunan wanda ya ɓatar da shi karo na biyu. Ni zan riƙe mata lema. In kana Abuja, za mu jira. Mun iya jira, kai ka koya mana.

Ina roƙon Allah ya shirye ka, ya ba ka ƙarfin halin cewa na yi kuskure tun kana da damar faɗa da kanka. Allah ya raya maka 'ya'yanka a gabanka, kada ya nuna wa mahaifiyarka ranar da za ta tsaya a titi tana kiran sunan ɗanta don baƙi su ji. Allah ya tsare Iliyasu Shu'aibu a inda yake, ya sa gobe da safe in an kira ya amsa.

Wassalam, sai Juma'a.

Malama Rakiya,
ƙanwar mahaifiyar Iliyasu Shu'aibu,
Samaru, Zariya.